Garmar da Kowa Ya Sani Ja Ce

Garmar mai baki biyu ce, ƙirar Ferguson ta Ingila, irin wadda ake rataya wa tarakta ta baya a maƙalai uku. Mai ita gadonta ya yi daga mahaifinsa, kuma ta daɗe jingine a bayan rumfa har ciyawa ta ratsa tsakanin ƙarafunanta. Ba noma yake so ya yi da ita ba. Ya riga ya gyara tsohuwar taraktar gidansu, Massey Ferguson 35 mai ja da toka, yana so garmar ita ma ta koma yadda ta fito daga masana'anta, ya riƙa kai su tare wuraren da ake baje kolin tsofaffin injinan noma. Buƙatarsa gajeriya ce: a mayar mata da launinta na asali. A wurinsa babu wani abin bincike a ciki, domin tun da ya yi wayo ja ya san ta. Har gwangwanin jan fenti ya taho da shi.

Da ido, maganarsa na da ƙarfi. Ko'ina a jikin garmar akwai ragowar ja, duk da rana ta cinye shi ya koma fari-fari, in ka shafa sai ya bar maka gari a tafin hannu. Ƙashin garmar bai lanƙwashe ba, tsatsar ma ta sama ce, ba ta ci ƙarfe ba. Akwai tsohuwar walda guda a gindin sandar da ke riƙe faifan yanka na baya, alamar ta taɓa karyewa a gona aka ɗinke.

Abin da ya hana ni buɗe gwangwanin nan shi ne yadda jan ya kwanta. Ya hau kan noti, ya hau kan washa, ya toshe wurin ɗura giris, a wani lungu ma a kan busasshiyar laka ya bushe. Masana'anta ba ta shafa fenti a kan laka. Sannan in ka karkata fitila gefe, za ka ga sawun gashin buroshi a jere a jikin sandar sama. Wannan aikin hannu ne, na mutumin da ya tsuguna wata rana a tsakar gida yana son kayansa su yi kyau. Na ce wa mai garmar ya ba ni dama in tambayi ƙarfen tukuna kafin a yi masa komai. Bai so ba, amma ya amince.

Abin da farantin ya faɗa

A jikin ƙashin garmar akwai ɗan ƙaramin farantin shaida da aka kafa da ribit, fenti ya binne shi. Irin wannan faranti ba a kai masa samfefa, rubutunsa bai da zurfi, shafa biyu ya tafi har abada. Da tsumma da ɗan tina aka riƙa jiƙa shi ana ɗagawa a hankali, har haruffa suka fito: Harry Ferguson Ltd., Coventry.

Sunan kaɗai ya isa ya sa a tsaya. Taraktar Ferguson TE20, wadda kamfanin Standard ya ƙera a masana'antar Banner Lane da ke Coventry daga 1946 zuwa 1956, sama da dubu 500 aka yi, kuma launinta toka ne. Kayan aikin da aka zana mata, garma da haro da sauransu, su ma tokar suka bi. A 1953 kamfanin Ferguson ya haɗe da Massey-Harris na Kanada, aka koma Massey-Harris-Ferguson, daga baya aka gajarce sunan. A 1956 aka fito da sabuwar tarakta FE35 mai toka da ruwan zinare, wadda ba ta daɗe da wannan shiga ba, a ƙarshen 1957 ta koma ja da toka, ita ce Massey Ferguson 35. Wato taraktar mai garmar ta zamanin ja ce, garmar kuwa ta girme ta. Ban ɗauki farantin a matsayin takardar haihuwa ba, domin masana'anta kan ci gaba da amfani da ragowar faranti bayan an sauya suna. Amma ya nuna zamani, zamanin kuma na toka ne.

A nan masu gyara da yawa ke zamewa. Mutum ya san kamfani da launi guda, sai ya ɗauka haka yake tun fil'azal. Taraktar Farmall da duniya ta sani da ja, toka ce har zuwa 1936. Case toka ce kafin ta koma launin da suka kira Flambeau Red a 1939. Allis-Chalmers kore ce kafin 1929, sannan ta ɗauki ruwan lemo. Fordson N ta Ingila kuwa riga uku ta sa: shuɗiya, sai ruwan lemo a 1937, sai kore lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don kada ta riƙa ɗaukar idon jiragen sama a fili. Duk wanda ya tambayi launin kamfani bai gama tambaya ba sai ya haɗa da shekara.

Kayan aiki kuma sun fi tarakta wahalar sha'ani. Tarakta tana da lamba da rajista da masoya masu rubuta littattafai a kanta. Garma fa? Ƙarfe ce da ake jefarwa gefen shinge idan an gama huɗa, ta yi shekaru tana sauya hannu, kowa ya shafa mata abin da ya rage a gwangwaninsa. Akwai kamfanonin da takardunsu suka tsira. Hukunce-hukuncen kwamitin fenti na International Harvester, alal misali, suna ajiye a cibiyar Wisconsin Historical Society a Amurka, mai injin wannan kamfani zai iya zuwa ya karanta wane sashe aka ce a yi da wane launi. To amma ko takarda ta faɗi sunan launi, ba ta nuna maka shi. Sunan yana kan takarda, launin yana jikin ƙarfe.

Inda rana ba ta kai ba

Kafin a taɓa fentin da wani abu mai kankara, sai da aka yi maganar dalma. Fentin wancan zamani sau da yawa yana ɗauke da ita, musamman ja da rawaya da ruwan lemo da fentin shimfiɗa na hana tsatsa. Ko dokar da Amurka ta kafa a 1978 ta hana dalma a fentin gidaje ba ta haɗa da na injinan gona da masana'antu ba. Don haka duk tsohon ƙarfen noma ina ɗaukarsa a matsayin mai dalma har sai gwaji ya wanke shi. Da ruwa aka yi duk gugar da aka yi don kada ƙura ta tashi, da safar hannu da abin rufe hanci na gaske, aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka kuma hana yara zuwa wurin. Ban ga launin da ya kai lafiyar yaro ba.

Daga nan sai kwancewa. Garmar Ferguson tana da daɗin wannan aiki, domin an tsara kan notinta su zama girma biyu kacal, sifana guda ta kamfanin ta isa, wadda har ma'aunin inci aka zana a jikinta don auna zurfin huɗa. Ba kowane noti na nufa ba. Na bi waɗanda alamu suka nuna ba a taɓa kwance su ba tun ranar da aka ɗaure: babu sawun sifana a kafaɗunsu, fentin da ke kansu bai tsage ba. Wanda aka taɓa kwancewa shaidarsa ta raunana, mai yiwuwa an shafa wa wurin wani abu kafin a mayar.

Da aka ɗaga maɗaurin da ke manne sandar giciye da ƙashin garmar, sai ga fili mai faɗin tafin yaro, santsi, bai taɓa ganin rana ba. Toka ce. A ƙasan manyan washa biyu ma haka, da'ira ta toka tsaf, ja ya kewaye ta ya tsaya daidai bakin inda washar ta rufe. A cikin wani lungu na ƙasa kuma tsohon giris ya daskare ya zama ɓawo, aka jiƙa shi da kananzir aka ɗaga, shi ma toka ce a ƙarƙashi, har da ɗigon fenti mai kauri da ya gangaro ya daskare a gefen ƙarfen. Wannan ɗigo ya ba ni labarin da ban nema ba: an yi fentin ne da sauri kuma da yawa, irin na masana'antar da ke fitar da kaya jere-jere, ba irin na mai lallaɓa mota ba.

Wuraren ɓoye sun nuna abin da ke ƙasa, amma ba su nuna jerin abin da ya biyo baya ba. Don ganin wannan, sai aka zaɓi wuri a kan sandar sama, aka goga ɗan rami mai faɗin kwabo da samfefa mai laushi da ruwa, ana zurfafa tsakiya ana barin gefe a karkace. In an yi shi daidai, fentin kan fito zobe-zobe kamar kututturen itacen da aka yanka. Da gilashin ƙara girma aka ƙidaya daga waje zuwa ciki: ja mai kauri mai sawun buroshi, sai siririn layin datti, sai wani ja daban, siriri mai santsi irin na feshi, sai wani layin datti, sai toka, sai ƙarfe. Layukan dattin nan suna da muhimmanci. Su ne shaidar cewa kowane fenti ya yi zamaninsa a fili, ya sha ƙura, kafin na gaba ya hau kansa. Da tokar fentin shimfiɗa ce da aka yi don ja ya hau, da babu datti a tsakaninsu, rana ɗaya za a yi su.

Ana cikin haka mai garmar ya zo, ya ɗauki reza da kansa ya kankare wani wuri kusa da tsohuwar waldar nan. Ya kira ni da murna.

"Malam, zo ka gani. Ja ne a ƙasa, a kan ƙarfe. Ai na faɗa maka tun farko."

Gaskiya ya gani. A wurin, abin da ke manne da ƙarfe ja ne, babu toka ko kaɗan.

"Maigida, a nan kam ja ne a ƙasa," na ce. "Amma dubi inda yake, ka kuma dubi irinsa."

Jan wurin ba ya sheƙi, kuma ya karkata zuwa ruwan ƙasa, irin fentin hana tsatsa da ake shafa wa ƙarfe bayan walda. Wutar walda ta ƙone fentin asali a kewayen, mai gyaran ya goge ya shafa nasa. Muka bi shi da reza muna nisa da waldar kaɗan-kaɗan. Tazarar yatsu huɗu, sai ga shi ya hau kan toka mai baƙin ƙuna a gefe, gaba kaɗan kuma ya ƙare. Da a wannan wuri kaɗai aka duba, da an yanke hukuncin ja da zuciya ɗaya, kuma da hujja a hannu. Shi ya sa ba na yarda da shaidar wuri guda, komai kyanta. Sai wurare masu nisa da juna sun faɗi magana ɗaya.

Akwai sashe guda da ya ƙi bin sauran: faifan yanka na gaba da hannunsa. Shi ja ne tun daga ƙarfe, ja mai santsi na masana'anta, kuma notinsa sun sha sifana. An sauya shi ne a wani lokaci da na zamanin baya.

Wace tokar?

Da aka tabbatar toka ce, mai garmar ya ɗauka an gama. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Toka ba guda ba ce. Ta TE20 daban, wadda ake kira Stoneleigh Grey da ke jikin taraktocin ja da toka na baya daban, ta Ford 9N da aka fara a Amurka a 1939 bisa yarjejeniyar Henry Ford da Harry Ferguson ita ma daban. Ƙari a kan haka, kamfanin Ferguson zane da sayarwa ne aikinsa, ƙira kwangila yake bayarwa, kuma kayan aikinsa kamfanoni daban-daban suka ƙera. Ba zan yi mamaki ba in garma biyu na shekara guda suka ɗan saɓa, tunda ba daga tukunya ɗaya aka ɗebi fentinsu ba.

Aka samo fentin da ake sayarwa da sunan tokar Ferguson daga masu haɗawa biyu, aka fesa a kan gutsattsarin ƙarfe, aka bar su suka bushe sosai, don ɗanyen fenti ba ya faɗin gaskiya. Da aka jera su, su kansu ba su yi daidai da juna ba. Ɗaya ta fi haske, ɗayar ta karkata zuwa shuɗi. Sunan da ke jikin gwangwani ra'ayin mai haɗawa ne game da launin, kuma shi ma daga wani tsohon ƙarfe ya kwafa. Hotunan da mai garmar ya nuna mini a wayarsa ba su ƙara komai ba. Na zamanin galibi baƙi da fari ne, takardun talla masu launi tawadar ɗab'i ce da ta tsufa, injinan da aka gyara kuwa kowanne zaɓin mai shi ne. Allon waya ma kowanne da yadda yake nuna launi.

Sai aka koma ga filin da ke ƙasan maɗaurin. Shi ma ban miƙa masa wuya gaba ɗaya ba. Fentin mai na wancan zamani yana da hali biyu: a rana ya koɗe ya yi gari, a duhu kuma man da ke cikinsa ya yi rawaya-rawaya, balle in giris ya daɗe a kansa. Don haka tokar ɓoye takan ɗan karkata zuwa kore ko rawaya fiye da ranar da aka fesa ta. Da aka kwatanta wuraren uku, na ƙarƙashin giris ya fi rinewa, na ƙasan washa ya fi tsabta. Aka ɗauki ɗigon nan mai kauri aka yanka shi da reza, cikinsa da iska ba ta taɓa ba ya fito ya fi kusa da na ƙasan washa. Shi aka riƙe. Aka wanke filin da sabulu mai laushi, aka ɗan goge saman kaɗan, aka kai maɗaurin kansa wurin masu haɗa fenti, na'urar auna launi ta karanta shi. Na'urar tana son wuri mai faɗi kuma shimfiɗaɗɗe, abin da ya sa maɗaurin ya fi washa amfani a nan.

Abin da na'ura ta bayar mafari ne. Aka fesa gwaji, aka bushe, aka ɗora kusa da na asali a waje, a inuwa mai haske, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Sinadaran launi na yau ba su ne na da ba, don haka fenti biyu kan iya zama ɗaya a hasken fitila su rabu a hasken rana. Garma kuwa a waje za a gan ta. Ɗigon ruwa a kan tsohon fentin yana taimakawa, yana dawo da zurfin launin na ɗan lokaci. Aka rage rawayar kaɗan saboda dalilin da na ambata, aka tsaya a nan. Na rubuta haɗin, na kuma rubuta lamba mafi kusa da shi a jadawalin launuka na RAL da na BS 381C, duk da babu wadda ta faɗa daidai. Amfaninsu shi ne wanda zai zo bayanmu ya san unguwar da launin yake.

Maganar sheƙi ta fi ba ni damuwa fiye da yadda mutane ke zato. Fentin mota na zamani mai haɗi biyu yana da ƙarfi, amma yana ƙyalli kamar gilashi, yana kuma cike ƙananan ramukan zubin ƙarfe har garma ta zama kamar ta roba. Na sha ganin aikin da launinsa ya yi daidai, sheƙin ya ɓata shi. Wannan garmar an yi ta ne don ta shiga ƙasa. Fentin mai na injinan gona aka zaɓa, mai matsakaicin sheƙi, aka bar sawun zubi da tabon guduma yadda suke, ba a cike su ba. A ƙasa an sa fentin hana tsatsa na zamani duk da binciken bai nuna akwai shi a asali ba. Wannan sauyi ne da gangan, don ƙarfen ya daɗe, kuma an rubuta shi.

Hukuncin mai garma

Duk wannan bincike bai ba ni ikon yanke hukunci ba. Garmar tasa ce. Na zaunar da shi na nuna masa ramin zobban da gilashi a hannunsa, ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Ya yi shiru, sannan ya ce abin da ban manta ba: shi bai taɓa ganin mahaifinsa da garma mai toka ba.

Kuma bai yi ƙarya ba. Ja na farko, siririn nan na feshi, ya yi kama da aikin dillali. Sananniyar ɗabi'a ce a wannan harka, idan kamfani ya sauya launi, dillalai su fesa wa tsofaffin kaya sabon launin don su shiga ido, su dace da sabuwar tarakta. In haka ne, garmar ta shigo gidansu tana ja tun ranar farko. Ja na biyu mai sawun buroshi kuwa, shi da kansa ya ce ya san hannun, domin ƙofar rumfarsu ma haka mahaifinsa ya shafa ta. Tunaninsa daidai ne, sai dai bai kai farkon rayuwar garmar ba. Ita ta riga ta yi wasu shekaru a gonar wani kafin su san ta.

Na gaya masa ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. In yana son garmar mahaifinsa, a yi mata ja, babu abin kunya a ciki, zan yi da hannuna in kuma yi shi da kyau. In ma ya ga dama a wanke ta kawai, a kashe tsatsar, a shafe ta da mai a bar ta da tabonta, wannan hanya ce da masu adana kayan tarihi da yawa suka fi so, domin fentin asali sau ɗaya ake cire shi. Abin da ba zan yarda ba shi ne a yi ja a kira shi launin masana'anta. Wurin baje koli mutane na zuwa da kyamara, wani zai ɗauki hoton garmar ya tafi ya yi wa tasa haka, yana cewa ya gani a jikin ta asali. Da haka kuskure ke yaɗuwa har ya zama abin da kowa ya sani. Na kuma faɗa masa tun da wuri cewa tokar garmar ba za ta yi daidai da tokar da ke jikin taraktarsa ba, kuma wasu za su ce mai fenti ne ya kasa haɗawa.

Ya tafi ya yi tunani, ya dawo ya zaɓi toka, da sharaɗi ɗaya: kada a shafe hannun mahaifinsa gaba ɗaya. Sharaɗin ya yi mini daɗi, don ya zo daidai da abin da nake so in roƙa. A ƙasan sandar sama, inda sai ka sunkuya za ka gani, aka rufe wani yanki mai tsawon taƙi guda da tef mai kauri kafin a kai ƙashin garmar feshin yashi. Yankin ya haɗa da ramin zobban, da ja mai sawun buroshi a kewayensa. Bayan an gama aka cire tef, aka shafa masa fenti marar launi don ya kare shi. Filin tokar da ke ƙasan maɗaurin shi ma feshin bai taɓa shi ba, an mayar da maɗaurin ya rufe shi yadda yake tun farko. Duk wanda ya yi shakkar zaɓinmu nan gaba, noti kawai zai kwance ya duba. Feshin yashi ba ya barin shaida, kuma na ga garmuna da dama da aka kai su can tun ranar farko, sannan aka dawo ana tambayar mutane wane launi ne.

Kunnuwan garmar da bakinta, wato sassan da ke yanka ƙasa suna juya ta, ba a yi musu fenti ba. An goge su har suka yi haske aka shafe da giris, domin ƙasa ba ta zamewa a kan fenti, kuma garmar da ta taɓa aiki haka kunnuwanta suke. Farantin shaida an rufe shi lokacin feshi, ya fito da rubutunsa a fili. Tsohuwar waldar an bar ta, mai ƙarfi ce, ba a niƙe ta don ɓoyewa ba.

Na ba shi takarda guda da hotunan kowane mataki: inda aka samu toka, jerin zobban, haɗin fentin, da wuraren da muka saɓa wa asali da saninmu. Faifan yanka na gaba yana cikin waɗannan. An yi masa toka don ya bi sauran, amma an rubuta cewa ba na garmar ba ne, kuma asalinsa ja ne. Mai garmar yana cigiyar faifai na zamaninta a wurin masu tara irin waɗannan kaya, kafin a dace wannan ɗin zai ci gaba da zama a jikinta.